Yadda ake magance wari a ɗakin kiwon salwa

Masu kiwon salwa da zabi a cikin gida kan ɗauki wari a matsayin abin da ya zama tilas a jure, amma masana kiwon tsuntsaye na cewa warin alama ce ta danshi, kuma tsuntsayen ne ke fara cutuwa da shi tun kafin ya isa hancin maƙwabta.

A Mainika, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Gwarzo a yammacin jihar Kano, da ma ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, kiwon tsuntsaye ba baƙon abu ba ne. Da wuya a shiga gida ba a tarar da kaji ko zabi ko tattabaru ba, kuma galibi mata ne ke da su, suna sayarwa idan wata buƙata ta taso.

Sai dai wannan kiwo na sake ne. Zabo kan wuni a gona ya kwana a kan bishiya, kaza kuma ta wuni tana tono a juji, ba ta shiga akurki sai da almuru. Kashinsu a warwatse yake faɗuwa, rana ta busar da shi kafin ya ruɓe. Shi ya sa gidan da ke da zabi 30 ba lallai ne ya yi wari ba.

Salwa ba haka take ba. Ba a sakinta, domin idan ta fita ba ta dawowa, ga kyanwa ga shaho. A wuri guda take ci, ta sha, ta yi ƙwai, ta yi kashi, dare da rana.

Baƙuwa daga Vom

Sunan salwa sananne ne ga duk mai karatun Alƙur'ani, domin an ambace ta cikin labarin Banu Isra'ila. Amma wadda ake kiwo a keji 'yar asalin Japan ce, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce ta shigo da ita Najeriya a 1992.

Kasuwarta ta yi tashe sosai a wajejen 2012 da 2013, lokacin da aka yi ta yayata cewa ƙwanta na maganin cututtuka iri-iri, maganar da binciken kimiyya bai tabbatar ba. Da farashin ƙwan ya faɗi, mutane da yawa sun watsar da kiwon. Waɗanda suka ci gaba sun yi hakan ne saboda dalilan da suka fi waɗancan ƙwari: salwa kan fara ƙwai tana da mako 6 zuwa 7, ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kwana 17 zuwa 18, kuma keji guda a lungun tsakar gida kan ɗauki 100.

A nan ne matsalar take. Salwa 100 kan ci kilo 2 zuwa 2 da rabi na abinci a kowace rana, kuma ɗanyen kashin da suke fitarwa yakan kai kusan nauyin abin da suka ci. Kimanin kashi uku cikin huɗu na wannan kashi ruwa ne. Ga shi kuma abincin salwa ya fi na kaza yawan sinadarin gina jiki, wato furotin: kimanin kashi 24 cikin 100 lokacin da take girma, da kimanin kashi 20 idan ta fara ƙwai.

Daga ina warin yake fitowa?

Tsuntsu ba ya fitsari kamar akuya ko tunkiya. Farin abin nan da ake gani a saman kashin kaza shi ne fitsarinta, kuma da shi take fitar da ragowar furotin ɗin da jikinta bai yi amfani da shi ba.

Muddin wannan farin abu a bushe yake, ba ya wani wari mai yawa. Idan ya sami danshi da ɗumi, sai ƙananan halittun nan na bakteriya da ido ba ya gani su shiga narka shi, su mayar da shi iskar da ake kira amoniya. Ita ce ke kawo zarnin da ke bugun hanci ya sa ido yaji.

Hausa na da kalmomin da ke bambanta wari da wari, kuma mai kiwo zai iya amfani da su wajen gano inda matsalarsa take. Zarni na nuna cewa kashi ya taru ya jiƙe. Ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai na nuna cewa akwai inda ruwa ya kwanta iska ba ta shiga, ko ƙwai ya fashe ba a gani ba, ko kuma wata salwa ta mutu a lungu. Tsami yakan fito ne daga abincin da ya zube ya jiƙe, ƙarni kuma daga garin kifin da ya yi yawa a abinci. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda turaren wuta ke kawarwa. Hasali ma hayaƙin ƙari ne a kan wahalar numfashin tsuntsayen.

Zarnin ya fi sauran haɗari. A manyan gonakin kaji na duniya, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada amoniya ta kai kashi 25 cikin miliyan ɗaya na iskar ɗaki, an kuma fi so ta tsaya ƙasa da kashi 10. Idan ta wuce haka, takan lalata 'yan siraran gashin da ke share ƙura da ƙwayoyin cuta daga maƙogwaron tsuntsu, sai ya zama kowace mura ta sami hanyar shiga. Cin abinci ya ragu, ƙwai ya ragu. Idan ta kai kashi 50 zuwa sama, idanun tsuntsayen kan kumbura, a gan su a takure suna runtse ido.

Wani abin lura shi ne hancin mai kiwon ba abin dogaro ba ne, domin yakan saba da zarnin har ya daina jin sa. Ban da haka kuma shi a tsaye yake shaƙar iska, alhali kan salwa bai fi taƙi guda daga kashin ba. Saboda haka masana ke ba da shawarar a durƙusa daidai inda tsuntsayen suke, da sassafe kafin a buɗe ɗakin. Idan ido ya yi yaji ko hawaye ya taho, to abin ya riga ya wuce kima. Baƙon da ya shigo ya yamutsa fuska ya fi mai gida sanin gaskiyar halin da ake ciki.

Damina da hunturu

A yankin Gwarzo, kamar sauran ƙasar Kano, ana iya cewa warin na da lokuta biyu. Na farko kowa ya san shi: watan Agusta, lokacin da ruwa ya kankama, iska ta cika da laima, babu abin da ke bushewa. Feshin ruwa ya shiga ta raga, rufin kwano ya yi yoyo, ruwan tsakar gida ya gangaro ƙarƙashin keji. Maganin wannan aikin gini ne, kuma da bazara ake yin sa: a ɗaga kejin daga ƙasa, a tsawaita bakin rufi, a gyara magudana ta yadda ruwa zai kauce wa wurin.

Na biyun ya fi yaudara. Idan sanyin hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, mai kiwo kan lulluɓe keji da leda ko buhuna ko tamfol ta kowane gefe, don tausayin tsuntsayen. Ɗumi ya samu, amma tururin numfashinsu da zarnin kashinsu ba su da mafita. Da safe a ga raɓa a jikin ledar daga ciki, bayan 'yan kwanaki kuma a ji tsuntsaye na atishawa, sai a ɗora wa sanyi laifi a ƙara toshewa.

Abin da ya dace shi ne a tare ɓangaren da iskar ke bugowa, wato arewa maso gabas, a bar kafa a sama kusa da rufi inda gurɓatacciyar iska za ta fice. Manyan salwa na jure sanyin ƙasar Kano idan iska ba ta dukan su kai tsaye. 'Yan tsaki ne ke buƙatar ɗumi na musamman a makonnin farko, su ma ba a rufe su ruf.

A mafi yawan gidaje kuwa, ruwan da ke jiƙa kashin ba daga sama yake zuwa ba, daga mazubin ruwan sha yake. Salwa tsuntsuwa ce mai rawar kai, tana shiga kwano ta fantsama ruwa, ta kifar da shi. Ɗaga mazubin zuwa daidai gadon bayanta, da ajiye wani faranti a ƙarƙashinsa don tare abin da ya zube, kan rage warin fiye da duk wani magani da za a saya. Masu hali kan sa bututun nan mai 'yan kawuna da tsuntsu ke tsattsaga ruwa ya ɗigo, amma shi ma idan kai guda ya lalace yana ɗiga dare da rana, ya isa ya jiƙa ƙasan keji gaba ɗaya.

Toka ba magani ba ce

Abin da uwargida ke fara kaiwa hannu gare shi idan wuri ya yi wari shi ne toka, kuma tana da hujja: toka na tsotse ruwa, tana korar ƙuda, an kuma daɗe ana zuba ta a bakin masai. Sai dai a kan ɗanyen kashin tsuntsu, aikinta kishiyar abin da ake nema ne.

Duk mai girki ta san yadda kanwa ko ruwan toka ke kashe tsamin yakuwa. To, amoniya na zama a ɗaure cikin kashi ne muddin akwai ɗan tsami a jikinsa. Da zarar an kashe tsamin, sai ta kuɓuce ta tashi sama. Wanda ya barbaɗa toka ko farar ƙasa a kan jiƙaƙƙen kashi alhali tsuntsaye na ciki, ya sakar musu zarnin ne gaba ɗaya a lokaci guda. Daga baya warin kan lafa, abin da ke sa a ɗauka maganin ya ci, amma huhun tsuntsayen ya riga ya sha.

Toka da farar ƙasa na da gurbinsu: bayan an fitar da tsuntsaye, an kankare daɓe, an wanke, ana so ya bushe kafin a zuba sabuwar shimfiɗa.

Manyan gonaki kan bi hanyar da ta saɓa wa wannan, wato su ƙara wa kashin tsami. A Amurka, binciken da masana na ma'aikatar aikin gona suka yi a jihar Arkansas cikin shekarun 1990 ya nuna cewa barbaɗa alam, irin wanda ake tace ruwa da shi, a kan shimfiɗar kaji na rage tashin amoniya ƙwarai, kuma har yanzu ana amfani da wannan hanya a can. Takin supa da manoma suka sani shi ma yana da irin wannan aiki. Ga mai keji, wurin zuba su shi ne farantin da ke ƙarƙashin raga, inda tsuntsu ba zai tsattsaga ba, kuma kaɗan ake barbaɗawa.

Akwai kuma gargaɗi game da ruwan bilic. Idan ya haɗu da amoniya yakan haifar da wata iska mai guba ga huhun mutum da na tsuntsu. Sai an kwashe kashi an wanke da ruwa da sabulu tukuna ake sa shi, a wuri mai iska. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kowane iri ne ba ya aiki sosai a kan datti.

Abin shimfiɗa

Wannan yanki bai rasa abin shimfiɗa ba. Akwai buntun shinkafa a wurin masu injin casa, da ɓawon gyaɗa, da ƙaiƙayin gero da na dawa bayan sussuka, da garin katako a wurin kafintoci. Sharaɗinsu guda ne: su kasance a bushe, ba su yi fumfuna ba. Ɓawon gyaɗar da ya taɓa jiƙewa ya fi kowanne haɗari, domin irin fumfunar da ke kama shi kan shiga huhun 'yan tsaki ta kashe su.

Ga wanda ke kiwo a ƙasa, kaurin shimfiɗar ya kai yatsu huɗu ko fiye, a riƙa motsa ta, a kwashe duk inda ya dunƙule, musamman kewayen mazubin ruwa. Akwai gwaji mai sauƙi: a damƙi shimfiɗar a matse. Idan ta ɗan haɗe sannan ta warwatse da aka buɗe hannu, daidai take. Idan ta tsaya kamar curin fura, ta jiƙe. Masana kan ce danshin ya tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100, domin bushewar da ta wuce kima ita ma takan tayar da ƙura.

Mai keji mai ƙasan raga kuma sai ya shimfiɗa buntu ko yashi a farantin ƙasa, ya kwashe kullum ko bayan kwana biyu. Wannan na da wata fa'ida ta daban. A lokacin zafi, ƙuda kan tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kwana 7 zuwa 10, don haka kashin da bai kwana uku a wurin ba, tsutsa ba ta samun damar girma a cikinsa. Raba tsuntsu da kashinsa kuma na rage yaɗuwar wata cutar gyambon hanji wadda, saboda yawan kama salwa da take yi, likitocin dabbobi ke kiran ta da sunan tsuntsuwar.

Idan an yi duk wannan kashin bai daina fitowa ruwa-ruwa ba, sai a duba abinci. Gishirin da ya yi yawa kan sa tsuntsu yawan shan ruwa, furotin ɗin da ya wuce buƙata kuma kuɗi ne ake zubarwa ya dawo a matsayin zarni. Zawo mai jini ko mai kore kuwa maganar likitan dabbobi ce. Haka nan mace-macen farat ɗaya: tun watan Fabrairun 2006 da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, cutar ta sha dawowa, ciki har da ɓarkewar 2015 da ta yi wa jihar Kano ɓarna. Mushen tsuntsu ana binne shi ne da zurfi, ba a jefa shi a juji ko kwata.

Zabi da fakara da aka kulle duk wannan ƙa'ida ta hau kansu, sai dai sun fi salwa buƙatar fili da wurin hawa. Ɗakin tattabaru kuwa matsalarsa ƙura ce fiye da wari: busasshen kashinsu na iya jawo ciwon huhu ga mai sharewa, saboda haka a nan kaɗai ake yayyafa ɗan ruwa kafin shara, a kuma rufe hanci.

Haƙƙin maƙwabci

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan yanki, kashin tsuntsun da ya halatta a ci ba najasa ba ne, matuƙar ba najasa yake ci ba. Wasu kan fake da wannan idan an yi musu ƙorafi. Amma tsarki daban, cutarwa daban. Littafin Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Misra na ƙarni na 14, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar Hausa, ya lissafa hayaƙi da wari irin na majema cikin abubuwan da alƙali zai iya hana mutum idan suna cutar da maƙwabta.

Kafin magana ta kai gaban alƙali dai, mai unguwa ko dagaci ne ke fara jin ta, sai kuma duba-gari, waɗanda tun zamanin Turawa ke da hurumin shiga gida su duba tsafta. Sau da yawa rigimar na farawa ne tun daga zaɓen wurin ajiye keji. An fi jingina shi da katangar da ta fi nisa da ɗakin mai gida, wadda ita ce ta fi kusa da tagar maƙwabci.

Rijiya ma abin dubawa ce. Shawarar da ake bayarwa game da masai ita ce ya nisanci rijiya da mita 30, kuma tarin kashin tsuntsu a damina bai bambanta da shi sosai ba. Gidaje kaɗan ne a cikin gari ke da irin wannan fili, saboda haka fitar da kashin zuwa gona ko bayan gari ya fi tara shi a lungu.

Taki ne ke tashi

Amoniyar da ke fita a matsayin zarni ita ce dai sinadarin naitirojin da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Tun 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin takin zamani a duniya, kashin kaji ya ƙara daraja, musamman a wurin masu noman rani irin na kewayen madatsar Guzuguzu a Kabo da ta Challawa a Karaye. Kashin da aka bari ya jiƙe ya yi ta wari, ko aka cakuɗa da toka, ya riga ya yi asarar wani ɓangare na ƙarfinsa kafin ya isa lambu.

Hanyoyin adana shi biyu ne. Da rani ana iya baza shi siriri a rana ya bushe cikin 'yan kwanaki, a ɗure a buhu, a ajiye inda ruwa ba zai taɓa ba. Ko kuma a tara shi hawa-hawa da ƙaiƙayi ko yankakken kara, a ɗan yayyafa ruwa, a rufe saman da busasshiyar ciyawa ko ƙasa, a riƙa juyawa kowane mako ko biyu. Cikin tarin kan yi zafin da ya kai digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙuda. Idan ya nuna yakan yi baƙi, ya yi laushi, ya koma ƙanshin ƙasa.

Ɗanyen kashi kuwa yana ƙona saiwar shuka, yana kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa. A Amurka, dokar noman da ba a sa takin zamani ta tanadi a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kamar masara.